Butar Malam

"Lahiya lau, likita," in ji Malam, kamar yadda ya ce jiya.

Matarsa ta san ba lafiya ba. Kwanansu bakwai da barin Tsafe, yana kwance a asibiti a Gusau ana yi masa allurar hefarin mai tsinka jini saboda gudan jini a ƙafa. Amma dattijo irinsa ba zai iya gaya wa likita mace, sa'ar 'yarsa, fitsari ya ɗauke masa ba.

Ita ma nauyi take ji. Sai ta bi likitar baranda, ta nuna mata butar da yake shiga bayi da ita.

"'Yar nan, tun jiya na cika ta, ba ta ragu ba."

Gwaji ya nuna allurar ce ta juye masa, ta daskarar da jini a jijiyar ƙoda. Nan take aka tsayar da ita, aka sauya magani.

Ran na huɗu da sauya maganin, da hantsi, Malam ya kau da kai, ya yi gyaran murya.

"Ke, ƙaro ruwa a butar nan."

Matar ta ɗaga ta, ta ji ba nauyi. Har bakin famfo tana dariya tana share hawaye.