Ƙullin Audugar Rebecca

Kowace safiya, kafin Rebecca ta fito tsakar gidanta a Zuru, sai ta ɗauki wani ƙullin auduga da ta ɗinke cikin ƙyalle, ta sa shi a hagun ƙirjinta, a gurbin nonon da likitoci suka cire. Ciwon daji ne ya kama ta a shekarun baya. An yi mata aiki a Sakkwato, aka bi ta da ruwan magani har gashin kanta ya zube. Gashi ya dawo, ƙarfi ma ya dawo, sai dai hannun hagu, wanda ke kumbura duk ranar da ta yi daka. Duk da haka tana kiwon kajinta, kuma ba ta fashin zumuntar mata a coci.

Yayarta Keziah, wadda ke aure a Danko, ba ta sami wannan rabo ba. Da ƙullutu ya fito mata a nono, sai dangi suka tsaya a kan maganar da aka gada, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya fusata ya watsu. Aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har damina biyu. Rebecca ta yi roƙo, ta yi kuka, aka ce ita dai sa'a ta yi. Sai da ciwon ya fashe, Keziah ba ta iya ɗaga kai, sannan aka kwashe ta zuwa asibiti. Aka sa mata ƙarin ruwa, kwana kaɗan ta cika.

A wurin zaman makoki mutane suka riƙa cewa, "To, ga shi nan. Ana soka mata allura ta tafi."

Bayan an gama girbin dawa, wata rana Gladys, ɗiyar marigayiya, ta iso gidan Rebecca idanunta jawur. Ta kama hannun innarta ta ɗora a gefen ƙirjinta. Rebecca ta ji wani abu mai tauri, kamar ƙwayar gyaɗa.

"Inna, na je asibiti a ɓoye," in ji Gladys. "Sun ce sai an sa allura an ɗebi kaɗan a gwada. Baba ya rantse in na yarda ba shi ba ni."

Washegari Rebecca ta hau mota zuwa Danko tare da ita. Suka tarar da mahaifin Gladys, Kefas, tsohon soja, zaune kan tabarma yana gyaran ƙotar fartanya. A da, tsakaninsa da ƙanwar matarsa sai wasa da tsokana. Ran nan ko ɗaga kai bai yi ba.

"Baban Gladys, sannu da aiki."

"Yauwa. In maganar allura ce ta kawo ki, ki sha ruwa ki juya. Na ba su uwar, ba zan ƙara musu da ɗiyar ba."

"Soja guda, wanda ya kwana cikin harsashi, yau allura yake tsoro?"

"Rebecca, ba ranar wasa ba ce. Da idona na gani."

Rebecca ta dafa hagun ƙirjinta. Wannan ƙullin auduga, ban da mijinta babu namijin da ya taɓa ganinsa. Ta juya baya, ta sa hannu ƙarƙashin mayafinta, ta zaro shi, ta ajiye a kan tabarma kusa da fartanyar. Rigarta ta kwanta shafe a gefe guda.

"Dube ni da kyau," ta ce. "Wuƙa ta shiga nan. Allurar da ta shiga jikina kuwa ba ta ƙirguwa. Ga ni, da ƙafata na zo gidanka. Yaya Keziah damina biyu ƙarfe bai taɓa ta ba. Tana ina? Ba allura ce ta ɗauke ta ba, Baban Gladys. Mun kai ta ne bayan ciwon ya gama aikinsa."

Kefas ya daɗe yana kallon ƙullin. Can ya kira ɗiyarsa da murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ɗauko mini takalmina. Ni zan kai ki."

Aka yi gwajin, aka ce su dakaci sakamako. Kwanakin jiran nan Rebecca ko tuwo ba ya wuce mata. Ranar da suka koma, likita ta duba takarda ta ce ba daji ba ne, ƙullutu ne mara illa, kuma za a cire shi cikin sauƙi. Ta ƙara da cewa ko da shi ne ma, zuwa da wuri irin wannan shi ke ceton rai.

Gladys ta faɗa jikin innarta. Kefas ya fita waje, ya jingina da bango, ya rufe fuska da hularsa. Da ya dawo, sai ya zaro wani abu daga aljihu, naɗe cikin hankici mai tsabta.

"Ungo kayanki, kin bar shi a tabarmata. Na hana kaji su yi wasa da shi."

"Riƙe abinka, Soja," in ji Rebecca, tana dariya tana share hawaye. "Na ɗinka wani. Duk wanda ya sake ce maka daji ba ya son ƙarfe, ka nuna masa."

Jama'a, ba allura ko wuƙar likita ke watsa ciwon daji ba. Jinkiri ne ke ba shi fili. Wanda ya ji ƙullutu a jikinsa ya je asibiti tun yana ƙarami, kuma kada mu hana namu zuwa.