Akuyar Mai Rumbu

Ranar Laraba ce. An kwana ana ruwa, gari ya waye da danshi, ƙasa ta yi laushi. Ruwan shuka ne, irin wanda ba ya jiran kowa. In rana ta buga shi ya bushe, sai wani, kuma ba wanda ya san ranar zuwansa. Kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona, ban da wani tsoho manomi. Shi ba shi da iri. Tun kaka ya zaɓi zangarnun gero masu kyau ya rataye a zaure, akuyar maƙwabcinsa ta shiga ta taka turmi ta miƙe ta cinye su tas. Duk unguwa an san zancen, don an sha dariya a kai.

To, garin yana da rumbun taimako. Da kaka kowa yakan zuba abin da ya samu, domin wanda ya rasa iri. Mai gari yana tsoron macuta, sai ya kafa doka: mai neman iri ya fara zuwa wurin mai unguwa, daga nan sarkin noma, daga nan liman. Kowannensu ya yi masa tambaya, in ya gamsu ya ƙulla masa ganyen kaba da irin nasa ƙullin, shi ne shaida. Sai an haɗa kabar duka mai rumbu zai auna. Abin da mai gari ya manta shi ne, su ma manoma ne. Ranar da ake neman iri, ranar ba sa gida.

Tsoho ya sami mai unguwa a gonarsa ta gabas. Tare aka yi musu kaciya, amma ya dafa sungumi ya tambaye shi sunansa, da sunan ubansa, da inda gonarsa take, da abin da ya sami irinsa. Tsoho ya faɗa, aka ƙulla masa kaba. Ya naɗe wando ya haye rafi zuwa wurin sarkin noma. Suna, uba, gona, iri. Ya faɗa. Liman kuwa yana can tudu bayan gari, shi ne ma ya sasanta maganar akuyar, amma bai rage ko tambaya ɗaya ba. A hanya tsoho yana ta karo da irinsa, kowa da kaba a hannu, kowa yana haki, ana tambayar juna ina aka ga liman. Rana ta take, saman ƙasa ya fara fari.

Ya iso ƙofar mai rumbu, wanda shi ne maƙwabcin nasa, mai akuya. Ya ajiye kabar a dakali, ya sunkuya ya sha ruwa a randa. Kafin ya ɗago, akuya ta kama kabar tana tauna. Mai rumbu ya dubi akuya, ya dubi tsoho, ya ce shi dai doka ce ta ɗaure shi, sai a sake zagayen. Tsoho ya miƙe. Ya kwance igiyar guga ya ɗaura wa akuya a wuya, ya ja ta.

An idar da la'asar, mai gari yana zaune a ƙofar masallaci, ga mai unguwa, ga sarkin noma, ga liman, duk a tabarma ɗaya. Mai rumbu ya biyo baya yana kiran akuyarsa. Tsoho ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na kawo babbar mai shaida. Irina yana cikinta, kabata ma tana cikinta. Ita kaɗai ce ba ta tambaye ni sunan ubana ba."

Akuya ta yi kuka, guntun kaba yana lilo a bakinta. Liman ne ya fara tuntsurewa, sauran suka bi. Mai gari ya yi dariya har ya share hawaye da hannun riga, sannan ya tambaya ko a cikinsu akwai wanda bai san tsohon nan ba. Babu ko ɗaya. Ya tambayi mai rumbu ko yau an auna wa wani iri. Mai rumbu ya ce ko ƙwaya ba ta fita ba, rumbu yana nan cike. Mai gari ya ce, "Lalle mun tsare shi. Ɓarawo bai samu ba, mai gona ma bai samu ba." Nan take ya sa aka ɗauki tabarmar aka shimfiɗa a gindin rumbu. Ya ce daga yau mutum ya faɗi damuwarsa sau ɗaya, a gaban wanda ya tarar a cikinsu, kunne ɗaya ya isa. Aka yi shela. Kafin magariba duk masu yawo da kaba sun koma gida da iri a ƙwarya.

Kai da aka ba ka kujera a ofishin taimakon jama'a, kabarku takarda ce. Ka duba ko mutum nawa ne a cikinku suke tambayar talaka sunan ubansa.

Washegari da sassafe tsoho ya fara ɗaure akuyar a turke, ƙulli mai kyau. Sannan ya tafi gona ya sari ƙasa da sungumi, ya tarar da sauran danshi a ƙarƙashi. Ya zuba iri, ya rufe da diddige.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.