Gemun Auduga

An tashi daga wasan kwaikwayon da malaman firamare suka shirya a Gumel, amma Lado bai cire gemun audugarsa ba. Shi ya fito a matsayin uban da ya tilasta wa 'yarsa miji har baƙin ciki ya kashe ta, Malama Laure kuwa ita ce 'yar.

Suna bayan labule sai ga Malam Ɗantsoho, mahaifin Laure, idanunsa jajir. Shi ne ɗazu ya miƙe cikin 'yan kallo yana ta faɗa, sai da aka zaunar da shi.

"Kai dattijo, ba ka da imani!" ya ce da Lado. "Yarinya ta faɗa maka wanda take so, me zai hana ka bar ta?"

Laure ta saci kallon Lado, sannan ta durƙusa.

"Baba, ni ma ai na faɗa. Ka ce sai ɗan amininka na Maigatari."

Malam ya yi turus. "Wannan daban ne."

"Ina bambancin, Baba?"

Sai Malam ya ce, "To wai wane ne wannan da kika nace wa?"

Lado ya ɓare gemun, ya zube ƙasa yana gaisuwa.

Malam ya daɗe yana kallonsa, sai dariya ta ƙwace masa.

"Turo magabatanka ranar Juma'a. Amma in kuka haifi mace, ba kai za ka zaɓa mata miji ba. Yau na ga halinka."