Zakaran Keji na Ƙarshe

Shekarar ta kuɓuce mini, har garin ma, don na zauna a garuruwa da yawa. Amma kejin kajin nan har yanzu ina ganinsu, jere a bayan shagon wani tela.

Telan ya gaji kajin ne daga mahaifinsa, kajin da ake kaiwa gasar kyau, masu faɗin ƙirji, gashinsu a kwance kamar an yi masa guga. Kajin kamfani kuwa, waɗanda inji ke ƙyanƙyashewa a zuba a kwali, ko kallo ba su ishe shi ba. "Ba uwa, ba kaka," in ji shi.

Sai ciwo ya shigo. Kaza takan wayi gari ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, ta kasa tashi.

Likitan dabbobi ya duba ya ce, "An yi musu rigakafi ranar da suka fito daga ƙwai?"

"Allura? Wannan ai sai 'yan kwali."

"To Malam, sai addu'a. Yanzu an makara."

Ciwon ya riƙa bin kejin ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe Magaji yake, saurayin zakara, shi kaɗai aka samu a ƙyanƙyasar da aka yi lokacin da tela ke kwance a asibiti. Matarsa ce ta kai masa albishir. Ƙirjinsa bai kai na iyayensa ba, amma tela ya ce zai ciko.

Tela ya rufe keken ɗinki. Kullum da safe sai ya ɗaga Magaji ya dire shi, ya zuba wa ƙafafunsa ido.

"Ka ci abinci, Baban yara," in ji matarsa. "Wannan ba abin da zai same shi."

"Yaushe kika zama likita?"

"Ni dai na faɗa."

Kejin da ke kusa da na Magaji ya zama fanko. Washegari ba a ji cara ba. Tela ya fita a guje, ko takalmi babu, ya zare sakatar kejin.

Magaji na tsaye yana shan ruwa. Ya ɗaga kai, ya buga fukafukai, ya yi cara.

"Kin ga jini!" in ji tela, yana share ido. "Jinin gidanmu ke nan!"

Matar ta ci gaba da shararta.

Abu ɗaya ne ban manta ba, don sai da na je na tabbatar a wajen mai sayar da 'yan tsaki. A makon da tela ke asibiti, matarsa ta zo wajen mutumin da jajayen idanu, ta daɗe tana zaɓen launi, ta sayi ɗan tsako ɗaya tak daga cikin kwalin da aka riga aka yi wa allura.