Gashi Sai Na Haihu

"Mace ce," in ji mai hoton ciki.

Na kalli mijina. Sati shida ke nan da likita ta tabbatar ƙullin da ke nonona sankara ce, ga ni da cikin wata biyar. Ta ce a yi tiyata yanzu, gashi kuwa sai na haihu, don haskensa na iya yi wa jaririn lahani. Mijina ya buga tebur, ya ce ko allura ba za a yi min ba sai magajinsa ya fito. Har ƙwalla ya yi. Danginsa suka yi ta yabon uban kirki. Ƙullin kuwa bai tsaya jiran kowa ba.

Muna komawa ofishin likita ya gyara zama, ya sassauta murya kamar mai wa'azi.

"Likita, na yi tunani. Lafiyar uwa ita ce gaba. A yi tiyatar, gashin ma a fara nan take."

"Na gaya maka gashi zai iya illata yarinyar."

"Allah zai ba da wani."

Wani ya ce, ba wata ba.

Likita ta miƙo takardar amincewa. Ya kawo hannu zai karɓa, na riga shi, na amince da tiyata kaɗai. A layin wanda za a kira idan abu ya ɓaci, na rubuta sunan yayata da manyan baƙaƙe, yadda zai iya karantawa daga inda yake zaune.