Ruwan Allon Lakwal

"Mushe, ni ban yarda ba. Na ba ku Suma'ila ku koya masa karatu, ban ce ku kashe mini 'ya ba."

Mushe, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ajiye alli. Da gudu na taho tun daga Birni. Na gaya masa 'yata Wasila kwana uku tana zazzaɓi, yau da safe na tarar yayanta Suma'ila ya wanke allon lakwal a ƙwarya ya ba ta ta sha. Rubutun Nasara, mai farawa daga hagu, yanzu yana cikin 'yata.

"Wane darasi ne?" in ji shi. "Kowanne da irin rubutunsa. Na lissafi daban, na labarin ƙasa daban."

"Ni na sani? Wanne ya fi kisa?"

Ya miƙa wa Suma'ila alli. "Sake rubuta abin da ka wanke."

Yaron ya rubuta da baƙaƙen Nasara yana kuka. Mushe ya bi da yatsa, yana haɗa baƙaƙen a hankali: "Ƙul... huwal... lahu ahad."

Na ƙarasa surar a zuciyata.

Mushe ya leƙa waje ko Nasaran da ke shugabantar lakwal na kusa, ya tura ƙofa. Na ja ɗana jikina ina jiran bulala, don duk abin da ba Faransanci ba laifi ne a nan.

Ya rage murya. "Inna, nawa yaron ma zazzaɓin ne ya kwantar da shi. Ki bar Suma'ila ya wanke mini wannan, don Allah?"