Igiyar Shanya

"Yaya, kayan nan fa a bushe suke, jiya na goge su!" in ji ƙanwarsa, ganin ya sake kwaso rigunan 'ya'yanta yana jerawa a igiya.

Ya girgije wata 'yar jar riga, ya shanya ta a tsakiya, inda inuwar bishiya ba ta kaiwa.

Wata huɗu ke nan da dawowarsa. Shekara tara ya yi yana tuƙa jirgin yaƙi, duk ƙasar da ta ɗauke shi haya ita yake yi wa. Ya dawo ko ƙwarzane babu, sai dai kullum da hantsi sai ya cika tsakar gida da shanya, ko an yi wanki ko ba a yi ba. Maƙwabta har sun laƙaba masa Mai Wanki.

Yau haƙurinta ya ƙare, ta fizge rigar. "Wai me ke damunka ne? Duk rana ta koɗar da su!"

Ya riƙe hannunta.

"Ce mini aka yi ma'ajiyar makamai ce, babu kowa. Sai da na danna na saki bom, sannan na hango igiya a bayan ginin, da ƙananan riguna." Ya ɗaga kai sama. "Daga can ba a ganin mutane, Auta. Shanya kawai ake gani."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga ɗaki, ta fito da babban farin zanen gado.

"Kama can gefen, Yaya."